Ramin titin Mission: yadda otal ɗin Waldorf Astoria na San Faransisko ya tsaya a harsashi

Wanda ya sauka a tashar motoci ta Transbay, a tsakiyar birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya a Amurka, ya taka zuwa mahaɗar titin First da titin Mission, ko a 2021 ya je ko a 2024, abu ɗaya zai tarar. In ya ɗaga kai, ga benen Salesforce mai tsawon ƙafa 1,070, wanda tun da aka buɗe shi a 2018 babu ginin da ya kamo shi a birnin. In ya sauke kai ya dubi tsallaken titi, sai shinge. Bayan shingen kankare ne a shimfiɗe, da kawunan rodi da suka leƙo sama suna jiran ginshiƙan da ba a zuba ba. Babu ƙarar inji, babu lebura mai hular kwano. Masu wucewa ko waiwaye ba sa yi, ido ya riga ya saba.

A nan aka ce za a gina Oceanwide Center, benaye biyu dogaye, ɗaya daga ciki ɗauke da otal na alfarma mai sunan Waldorf Astoria. An sa 2021 a matsayin shekarar kammalawa. Yau in ka tambayi mutane abin da ya faru, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce "korona ce". Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Aikin ya daɗe yana ɗingishi kafin kowa ya ji sunan cutar. Abin da annobar ta yi iri biyu ne: ta kori mai sayen da zai ceci aikin, daga baya kuma ta kwashe mutanen da don su ake ginin tun farko. Na biyun ya fi na farkon muni, shi ne kuma ya sa wannan ramin ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

Abin da aka zana

A 2012 hukumomin birnin suka amince da wani tsari na sabunta unguwar da ke kewaye da tashar Transbay. Dabarar mai sauƙi ce. A ɗaga iyakar tsawon da doka ta yarda a yi gini, a bar masu kuɗi su hau sama yadda suke so, su kuma su biya kuɗaɗe da haraji na musamman wanda za a zuba a sabuwar tashar da hanyar jirgin ƙasa da ake son jawowa har cikinta. Tashar kaɗai ta ci kimanin dala biliyan 2.2. Wato tun daga tushe, an ɗaura lissafin birni a ƙugun 'yan kasuwa masu gini.

A 2015 kamfanin Oceanwide Holdings na ƙasar Sin, mallakar attajiri Lu Zhiqiang, ya sayi filin mahaɗar First da Mission daga hannun TMG Partners da Northwood Investors a kan dala miliyan 296. Zanen na kamfanin Foster + Partners ne na Landan, tare da Heller Manus na cikin gari. Babban benen zai kai ƙafa 910, hawa 61, akasarinsa ofisoshi, samansa gidajen kwana na masu hannu da shuni. Da an gama shi, benen Salesforce kaɗai zai fi shi tsawo. An tsara a ɗage ƙasansa daga titi, a bar wani makeken fili a buɗe ƙarƙashin ginin, kowa ya shiga ya zauna. Ƙaramin benen, hawa 54 a kan titin Mission, shi ne na otal mai ɗaki 169, da wasu gidajen sayarwa a samansa. An ƙiyasta aikin duka zai ci dala biliyan 1.6. A Disambar 2016 aka fara haƙa.

Akwai abin da ya kamata a fahimta game da irin wannan otal, don yana rikita mutane. Sunan Waldorf Astoria na kamfanin Hilton ne, amma ba Hilton ke gini ba. Mai fili ne ke nemo kuɗi, ya gina, ya ƙawata, sannan mai suna ya zo ya tafiyar da otal ɗin ya riƙa cire kasonsa daga ciniki. Mai gini kuma yana son sunan ne don gidajen da ke sama da otal su yi tsada, tunda mai saye zai ce a Waldorf yake zaune. In aiki ya tsaya, mai suna abin da ya rasa kaɗan ne. Asarar tana kan mai fili, da wanda ya ba shi bashi, da wanda ya yi masa aiki ba a biya shi ba.

Sai batun harsashi, wanda a nan ne kuɗi mai yawa ya nutse. Wannan yanki na birnin bakin ruwa ne a da, cike shi aka yi. Ƙasarsa yashi ce da laka, ruwa kuma na kusa. 'Yan watanni kafin a fara haƙa, a 2016, labari ya fashe cewa benen Millennium mai hawa 58, da ke nan kusa, ya nutse kimanin inci 16 kuma ya karkata, kasancewar turakunsa a cikin yashi suka tsaya, ba su kai ga dutse ba. Masu gidaje a ciki suka yi ta shigar da ƙara. Gari ne kuma na girgizar ƙasa. Saboda haka a filin Oceanwide sai da aka huda ƙasa aka zuba turakun kankare har suka taɓa dutsen da ke can ƙarƙashi. Aiki ne na shekaru, mai cin kuɗi, kuma wanda ke tsaye a titi ba abin da zai gani. Shi ya sa mai wucewa yake ɗauka ba a yi komai ba, alhali dukiya ce binne a wurin.

Ciwon da ya riga annoba

Lokacin da Oceanwide ya sayi filin, kamfanonin Sin na sayayya a Amurka kamar ba gobe. Anbang ya sayi Waldorf Astoria na Niyu Yok a 2014 a kan dala biliyan 1.95. HNA ya sayi kashi 25 cikin 100 na Hilton a 2016 a kan dala biliyan 6.5. Shi ma Oceanwide bai tsaya wuri ɗaya ba. Ya fara wasu benaye uku a tsakiyar Los Anjeles a 2015, su ma da otal a ciki, Park Hyatt. Ya sayi fili a titin South na Niyu Yok a kan dala miliyan 390. Ya sayi filaye a Hawaii. A Oktoban 2016 kuma ya ƙulla cinikin sayen kamfanin inshora na Genworth a kan dala biliyan 2.7. Duk a lokaci guda, duk kuma da dogaro ga kuɗin da uwar kamfani za ta turo daga gida da bashin da za ta ciyo.

Sai gwamnatin Beijin ta ga kuɗi na tsiyaya waje, darajar yuwan na sauka. Daga ƙarshen 2016 ta fara matse ƙofa, a Agustan 2017 kuma majalisar gudanarwar ƙasar ta fitar da jerin harkokin da aka taƙaita zuba jari a cikinsu a ƙetare. Gidaje da otal-otal na cikin jerin, tare da gidajen sinima da kulob-kulob na wasanni. A 2018 gwamnati ta karɓe Anbang, aka ɗaure shugabansa Wu Xiaohui shekara 18. HNA ya sayar da kasonsa na Hilton. Wanda ya shigo kasuwa da ƙarfinsa jiya, yau shi ke neman mai saye.

A Janairun 2019 aiki ya tsaya cak a Los Anjeles, 'yan kwangila na kukan ba a biya su ba. A Oktoban shekarar kamfanin ya dakatar da ƙaramin benen San Faransisko, wato na otal, ya bar babban yana tafiya. A lissafin wancan lokacin, zaɓin ba wauta ba ne. Ofisoshin da babu kowa a ciki a birnin ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kamfanonin fasaha na kama hayar bene tun yana kan takarda. Ofis kuma hayarsa ta shekara goma ce ko fiye, banki na iya ganin takarda ya ba da rance a kanta. Otal kuwa hayarsa ta dare ɗaya ce; ɗakin da ya kwana babu baƙo, kuɗin wannan daren ya tafi har abada. Duk mai gini da kuɗi ya yanke masa, otal yake fara ajiyewa. Wata biyar kenan kafin a kulle birnin.

Watannin 2020

A Janairun 2020 kamfanin ya sanar cewa ya sami mai saye, SPF Capital, a kan kimanin dala biliyan 1, farashin da bai kai abin da aka riga aka kashe ba. Faɗuwa ce, amma mai rai. A wannan watan ne, ranar 23, aka rufe birnin Wuhan. Daga 2 ga Fabrairu Amurka ta hana baƙin da suka fito daga Sin shiga ƙasar. Ciniki irin wannan ba a gama shi ta waya kawai: sai injiniyoyi sun sauka rami sun duba, lauyoyi sun bi takardun 'yan kwangila ɗaya bayan ɗaya, bankuna sun yarda. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar 17 ga Maris dokar zaman gida ta fara aiki a San Faransisko da gundumomin da ke kewaye da ita, tun kafin sauran manyan biranen Amurka. Kafin watan ya ƙare, cinikin SPF ya watse.

Nan take aka fito da wani mai sayen, Hony Capital na Beijin, a kan dala biliyan 1.2. Lambar ta fi ta farko daɗin ji, amma in aka buɗe ta, dala miliyan 700 ne a hannu, ragowar 500 sai in aikin ya yi riba nan gaba. Cinikin biri a sama. Hony ɗin ma ba bare ba ne, don yana ƙarƙashin inuwar Legend Holdings, uwar kamfanin Lenovo, Oceanwide kuma ya sayi babban kaso a cikin Legend ɗin tun 2009. Hony kuma yana da nasa zafin kan a wannan shekarar: gidajen abinci na PizzaExpress da ya saya a Birtaniya a 2014 sun shiga rikicin bashi saboda kulle, har suka suɓuce zuwa hannun masu bin su kuɗi. Aka yi ta ɗaga ranar kammala ciniki, wa'adi bayan wa'adi, har ƙarshen Disamba, sannan aka haƙura.

A tsakiyar wannan jan ƙafa, a watan Yuli, aikin babban benen ma ya tsaya, ginin bai wuce matakin titi ba. Ya kamata a lura da ranakun nan. Dokar kulle ta hana yawancin gine-ginen kasuwanci daga ƙarshen Maris, amma ranar 4 ga Mayu aka sake buɗe aikin gini a yankin. Hanin hukuma kusan mako biyar ya yi. Sauran wuraren gini sun koma aiki da takunkumi da tazara. A mahaɗar First da Mission kuɗi ne ya ƙare.

Me ya hana wani ya ɗauka?

Aikin gini ya tsaya saboda mai shi ya karye, wannan ba sabon abu ba ne. Abin da aka saba gani shi ne wani mai ƙarfi ya zo ya saya da araha ya ƙarasa. Ga fili a zuciyar gari, ga izinin hawa sama wanda samunsa a San Faransisko kan ci shekaru, ga harsashi an gama wahalarsa. A 2018 da rububinsa za a yi. Abin da ya hana a yi a 2021 da 2022 da 2023 shi ne ainihin aikin annobar.

San Faransisko gari ne na masu aiki da kwamfuta, su ne kuma suka fi kowa iya aiki daga gida. A Mayun 2020 Twitter ya gaya wa ma'aikatansa wanda ya so ya ci gaba da aiki daga gida har illa masha Allahu. A Agusta Pinterest ya biya dala miliyan 89.5 don kawai ya fita daga yarjejeniyar hayar wani ginin da ko fara shi ba a yi ba. Kamfani ya ajiye irin wannan kuɗin don ya tsira daga ofis, kowane banki ya karanta saƙon. Salesforce, wanda ya fi kowane kamfani mai zaman kansa yawan ma'aikata a birnin, shi ma ya janye daga hayar da ya kama a wani benen da ake shirin ginawa a unguwar ta Transbay, wanda a cikinsa ma an tsara otal. Tsakanin 2020 da 2021 yawan mazauna birnin ya ragu da kusan kashi 6 cikin 100, babu babban birnin Amurka da ya yi irin wannan ramar. Ofisoshin da ba kowa, waɗanda ba su kai kashi 5 ba a 2019, sun haura kashi 30 cikin 100 a 2023. Jiragen ƙasa na BART da ke kwaso ma'aikata da safe sun daɗe suna ɗaukar ƙasa da rabin fasinjojinsu na da.

Otal na alfarma a wannan unguwa baƙi iri uku yake jira. Akwai wanda kamfaninsa ya turo shi ganawa, kamfani ne zai biya, ba ya tambayar farashi. Akwai mahalarta manyan taruka a zauren Moscone. Akwai 'yan yawon buɗe ido daga Asiya, musamman Sin, waɗanda suka yi suna wajen kashe kuɗi. Duka ukun suka ɓace tare. Ganawa ta koma Zoom. Zauren Moscone ya zama cibiyar kula da agajin gaggawa, daga baya wurin allurar rigakafi. Babban taron harkar lafiya na bankin JPMorgan, wanda duk Janairu yake cika otal-otal ɗin garin maƙil, ta intanet aka yi shi a 2021 da 2022. Amurka ba ta buɗe wa matafiya daga Sin ƙofa ba sai Nuwamban 2021, Sin kuma ba ta saki tata iyakar ba sai Janairun 2023. A faɗin Amurka, ɗakunan otal da ake kamawa sun sauko daga kusan kashi 66 cikin 100 a 2019 zuwa 44 a 2020. Garuruwan shaƙatawa sun farfaɗo da wuri, don mutane sun gaji da zaman ɗaki. Otal-otal na tsakiyar birni, masu jiran ɗan kasuwa da jakarsa, su suka kwana a baya. Kuma a nan ma tsagewar ta riga annoba: tun Disambar 2019 kamfanin Oracle ya ɗauke babban taronsa na shekara-shekara ya kai Las Vegas, ana ambaton tsadar ɗaki da halin da titunan birnin ke ciki.

A Yunin 2023 aka ga abin da ya rufe bakin duk mai tunanin sabon otal. Kamfanin Park Hotels ya daina biyan bashin dala miliyan 725 da ke kan Hilton Union Square mai ɗaki 1,921 da Parc 55 mai ɗaki 1,024, ya bar wa masu bin bashi su. Otal biyu a tsaye, da gadaje da ma'aikata da baƙi, mai su ya ga gara ya miƙa makulli. A watan nan kuma Westfield ya saki babban rukunin shagunansa na titin Market. Wani benen ofis a lamba 350 titin California, wanda a 2019 aka yi masa kuɗi kusan dala miliyan 300, a 2023 an sayar da shi wajen miliyan 60.

Daga nan lissafin ya fito fili. In ana samun bene gamamme a kan ɗaya bisa biyar na tsohon kuɗinsa, wa zai ciyo bashin biliyan ya gina sabo? Ga kuɗin ruwa ya tashi: babban bankin Amurka ya ɗaga shi daga kusan sifili a Maris 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin 100 a Yulin 2023. Ga ƙarfe da ladan ma'aikata sun yi tsada. Hayar da sabon ofis zai kawo ba ta biyan kuɗin gina shi. A wannan hali, ko kyauta aka ba mutum filin, sai ya yi tunani kafin ya karɓa.

Su wa aka bari da kaya

Na farko 'yan kwangila. Haɗakar Swinerton da Webcor ce ke riƙe da babban aikin, ƙarƙashinsu kuma ga masu ƙarfe, masu kankare, masu haƙa. Dokar Kalifoniya ta ba wanda ya yi aiki a fili ba a biya shi ba damar liƙa bashinsa a jikin takardar filin, ta yadda ba a iya sayarwa hankali kwance sai an sallame shi. Haka suka yi, ƙararraki kuma suka biyo baya. Kariya ce ga mai gumi, amma tana ƙara wa fili nauyi, don mai saye sai ya warware kowane ƙulli. A Oktoban 2021 masu bin bashi na Hong Kong, ciki har da wani reshe na Haitong, suka karɓe ikon kamfanonin da filin ke ƙarƙashinsu, bayan an kasa biyan takardun bashi na sama da dala miliyan 300. Daga nan fili ya koma hannun masu kuɗin da sana'arsu rance ce, ba su taɓa niyyar zuba siminti ba, abin da suke so kawai farashin da zai rage musu asara. A lokacin kuma kasuwa kullum ƙasa take yi. Uwar kamfanin Oceanwide ba ta da abin kawo ɗauki: cinikin Genworth ya mutu a Afrilun 2021, harkar gidaje a Sin kanta ta shiga rikici bayan Beijin ta ɗaure wa masu gini hannu wajen cin bashi a 2020, har babban kamfanin gine-gine na Evergrande ya kasa biyan bashinsa a ƙarshen 2021.

Sai birnin. Harajin kwana a otal a San Faransisko kashi 14 cikin 100 ne na kuɗin ɗaki. Ɗakin da ba a gina ba ba ya kawo ko sisi. Harajin da ake sa ran ɗiba daga bene mai hawa 61 ba shi za a ɗiba daga rami ba. Filin zaman jama'a da aka yi alkawari a ƙarƙashin ginin yana kan takarda. Masu shagon kofi da abincin rana da suka kama haya a kewaye suna jiran dubban ma'aikata, shinge suka samu maƙwabci. Hukuma kuma hannunta gajere ne. Tana iya ba da izini, tana iya cin tara, amma ba ta iya tilasta wa wanda ba shi da kuɗi ya yi gini, ba ta kuma da biliyan da za ta ƙarasa da kanta.

Ta wata fuskar San Faransisko ta yi sa'a da aikin ya tsaya a ƙasa. A Los Anjeles benayen Oceanwide uku sun riga sun hau sama kafin a watse, suka zama kangaye a gaban filin wasa na Crypto.com Arena. A farkon 2024 masu fenti suka haura suka rubuce hawa sama da ashirin da sunayensu, wasu ma suka riƙa dira daga ƙololuwa da laimar sauka. Majalisar birnin ta ware kusan dala miliyan 4 daga kuɗin jama'a don shinge da tsaro, 'yan sanda suka yi ta gadin dukiyar da mai ita ya gudu ya bari. Rami ana iya rufe shi da katako. Kango mai hawa arba'in duk gari na kallonsa.

A ganina, laifin da ya fi dacewa a ɗora wa masu tsara birnin ba shi ne sun amince da kuɗin Sin ba, don a 2015 kowa na amincewa. Laifin shi ne sun yi shekaru suna gina unguwa mai sana'a ɗaya. Tsakiyar San Faransisko ofis ne a kan ofis, mai hidimar ma'aikacin da zai shigo ƙarfe tara ya fita ƙarfe biyar, otal-otal da gidajen abinci da jirgin ƙasa duk a jikinsa suke ci. Masu bincike na Jami'ar Toronto sun bi motsin wayoyin hannu a tsakiyar biranen Arewacin Amurka, a farkon 2023 suka sa San Faransisko a can ƙarshen jeri, da kusan ɗaya bisa uku na zirga-zirgar da ake yi kafin annoba, alhali Salt Lake City ta wuce yadda take a da. Bambancin da suka nuna shi ne, inda tsakiyar gari ya haɗa sana'o'i iri-iri, mutane sun fi dawowa. Inda ya dogara da masu fasaha da masu aikin tebur, shiru ya daɗe.

Birnin ya yi ƙoƙarin gyara, a makare. Zamanin magajiyar gari London Breed an sassauta dokoki don a mayar da ofisoshi gidajen kwana, a Maris 2024 kuma masu zaɓe suka amince a yafe harajin sayar da gini ga irin waɗannan ayyuka. Amma mayar da benen ofis gida ba wasa ba ne: faɗin hawan ya yi yawa, tsakiyarsa ba taga, famfo da masai an tara su wuri guda. Kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun fara kama haya, OpenAI ya karɓi ofisoshi daga hannun Uber a unguwar Mission Bay a 2023. Sai dai masu shigowa wuraren da aka bari suke cikawa, a farashin da ya sauko, kuma irin waɗannan wurare na da yawa. Sai sun cika haya ta tashi kafin lissafin sabon bene ya fita.

Duk wanda zai yi gini a filin First da Mission, ba da fili fetal zai fara ba. Harsashin da ke ƙasa an yi shi ne don nauyin wasu benaye biyu takamaimai, an kafa kowane turke inda zanen Foster ya ce ginshiƙi zai tsaya. In ya ce gidaje zai gina a maimakon ofis, ko zai rage tsawo, ko zai soke otal, sai ya koma wurin hukuma neman sabon izini, injiniyoyinsa kuma su zauna su ga ko sabon zanen zai hau tsohon ƙashi. Kafin wannan ma sai an sauka ƙasa an duba abin da shekarun iskar teku da damshi suka yi wa rodi, wanne za a kankare a ci gaba da shi, wanne za a sare.